Murɗaɗɗen Ƙarfe, Damaskas ko Ƙarfen Zubi: Wace Tsohuwar Bindiga Mai Baki Biyu Ta Fi?

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu ta ƙarni na 19, abin da ke fara ɗauke masa ido shi ne zanen da ke jikin bututun. Wani zanen layi-layi ne da suka zagaye bututun tun daga gindi har baki, wani kuma ƙananan nannaɗe ne masu kama da ganye, jere reras. Ba fenti ba ne, ba kuma sassaƙa ba. Jikin ƙarfen ne haka, ciki da waje, kuma a wancan zamani da zanen ake gane darajar bindiga da kuɗin da aka saye ta. Yau masu tara kayan tarihi da masu sha'awar harbi da tsoffin bindigogi suna fuskantar zaɓi tsakanin iri huɗu: mai murɗaɗɗen ƙarfe zalla, mai Damaskas, mai ƙarfen da Ingilishi ke kira laminated, da kuma mai ƙarfen zubi wanda ya zo ya kore su duka. Ra'ayina tun daga farko shi ne, zanen yana gaya maka yadda bututun yake ranar da ya bar maƙera, amma ba ya gaya maka halin da yake ciki bayan shekara 120. Sai an raba tambayoyin nan biyu kafin a yi zaɓi mai kyau.

Dalilin wannan wahala

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, maƙeran Turai ba su da hanyar narka ƙarfe mai tauri da yawa, mai tsabta, da za a huda shi ya zama bututu. Abin da suka saba shi ne su ɗauki fallen ƙarfe mai taushi mai tsawo, su naɗe shi a tsaye a kan sanda, su haɗe bakin biyu da wuta da duka. Sakamakon shi ne ɗinki guda ɗaya miƙaƙƙe daga gindi zuwa baki. To, idan albarushi ya tashi a cikin bututu, ƙarfin da ke neman buɗe shi ta gefe ya ninka wanda ke neman ja shi ta tsawo sau biyu. Ke nan miƙaƙƙen ɗinki yana kwance daidai inda ya fi hatsari. Idan aka mayar da ɗinkin ya zama mai zagaye bututun, ƙarfin fashewar sai ya bi tsawon zirin ƙarfen maimakon ya tsaga mahaɗarsa. Wannan ita ce hikimar duka, ado ya biyo baya ne.

Ba Turawa suka fara ba. Maƙeran Daular Usmaniyya ta Turkiyya da na Farisa da Indiya sun riga su yin bututu na murɗaɗɗen ƙarfe, kuma sau da yawa ana danganta yaɗuwar sana'ar a Turai da bindigogin Turkawa da aka kwashe ganima bayan yaƙin birnin Biyana (Vienna) na ƙasar Ostiriya a 1683. A Ingila, wani J. Jones ya yi rajistar hanyar nannaɗe zirin ƙarfe a kan sanda a 1806, daga nan sana'ar ta kafu a Birmingham da garuruwan maƙera na kewayenta irin su Wednesbury. Bututun da ake kira Damaskas ba a birnin Damaskas na Sham ake yin su ba, kuma ba ƙarfe ɗaya ba ne da na shahararrun takubban nan, waɗanda ake narka ƙarfensu a tukunya a Indiya. Kamannin zane ne kawai ya haɗa su.

Yadda ake yin Damaskas

Zan fara da shi ko da yake ba shi ne na farko a tarihi ba, domin wanda ya gane shi ya gane sauran. Maƙeri zai jera fallayen ƙarfe iri biyu, mai taushi da mai tauri, ɗaya bisa ɗaya, a ɗaure su, a zuga musu wuta har su yi fari, a dake su su zama dunƙule guda. Sai a bi da dunƙulen ta injin murza har ya zama siririyar sanda mai kusurwa huɗu, kaurinta bai fi na ɗan yatsa ba. A cikin sandar nan har yanzu fallayen suna nan a jere, sun dai yi siriri.

Daga nan sai murɗa. A sake gasa sandar, a kafe kai ɗaya, a riƙa juya ɗaya kan har ta koma kamar noti mai zare. A nan gwanin maƙeri ke bambanta da ɗan koyo, domin inda wuta ta fi kamawa ya fi saurin murɗuwa, sai mai aiki ya riƙe wurin da awartaki don murɗin ya tafi daidai. Idan bai yi daidai ba, zanen zai fito wani wuri a matse, wani wuri a sake, kuma babu gyara. Sai a ɗauki sanduna biyu ko uku, wata an murɗa ta dama wata hagu, a jera su kafaɗa da kafaɗa, a haɗe su da wuta, a murje su su zama ziri mai faɗi. Wanda zai zauna wajen gindin bututu a bar shi da kauri, na wajen baki a sirance shi.

Zirin nan ne ake nannaɗewa a kan sandar ƙarfe, baki na taɓa baki, kamar yadda baduku ke naɗa zirin fata a ƙotar bulala. Maƙeran Beljiyam sukan fara sa wa sandar wata siririyar rigar ƙarfe kafin naɗin, don kada ramin ya toshe wajen duka. Sannan babban aikin ya fara: a gasa 'yan inci kaɗan har su yi fari, a fito da shi, a buga ƙarshensa da ƙarfi a kan faranti na ƙarfe don naɗin ya matse, a ɗora a kan uwar maƙera mai kwari, mutum biyu ko uku su rufe shi da masaba suna juyawa. A mayar wuta, a matsa gaba kaɗan. Bututu ɗaya mai kyau yakan shiga wuta fiye da sau 100. Bayan haka a huda cikinsa a cinye rigar ƙarfen nan gaba ɗaya, a wasa bayansa a kan katon dutsen niƙa da ruwa ke juyawa, a bi da magagari. W. W. Greener, shahararren maƙerin bindiga na Birmingham, ya rubuta cewa ana cinye kusan laba 18 na ƙarfe kafin a samu bututu biyu na bindiga mai lamba 12 (lambar faɗin ramin bututu ce), waɗanda idan an gama su ba su fi laba 3 da rabi da 'yan kai ba. Sauran duk ya tafi a wuta da ƙura.

Har a wannan mataki bututun fari ne sal, babu zane. Sai an shafa masa ruwan asid, ko an bar shi ya yi tsatsa da gangan ana gogewa ana sakewa kwana da kwanaki, sannan zanen ke bayyana, saboda ƙarfen nan biyu ba sa kama launi daidai. Ingilishi sun fi son ruwan ƙasa-ƙasa, masana'antun Amurka kuma suka fi yin baƙi da fari. Launin ba ya nuna inganci, kuma ana iya sake shi ko yau.

Idan ka ji an ce Damaskas mai sanda biyu ko mai sanda uku, adadin murɗaɗɗun sandunan da ke cikin ziri ɗaya ake nufi, kuma ana iya ƙirga su da ido: ka nemo layin mahaɗar ziri da ziri, ka ƙirga jerin nannaɗen da ke tsakani. Akwai mai huɗu, akwai har mai shida. Zanen da ya fi yawa shi ne wanda ake kira Crolle, mai kama da ƙananan curi. Akwai Bernard, da aka sa wa sunan Léopold Bernard, maƙerin bututu na birnin Faris. Akwai mai zanen sarƙa, akwai mai taurari. Duk bambancin yana fitowa ne daga yadda aka jera ƙarfen a dunƙulen farko. Gwanayen Beljiyam sun kai ga jera shi ta yadda sunan kamfani zai riƙa fitowa a rubuce, yana maimaita kansa a duk tsawon bututun.

Murɗaɗɗen ƙarfe zalla, da na ƙusar doki

Wanda 'yan kasuwar bindiga ke kira twist ya fi sauƙi nesa. Ana jera ƙarfe biyun, a murje su su zama ziri, a nannaɗe a kan sanda kai tsaye, ba tare da an murɗa kowace sanda ita kaɗai ba. Shi ya sa zanensa layuka ne kawai masu zagaye bututu. Aikin kaɗan ne, kuɗin kaɗan ne, kuma shi ne ke kan mafi yawan bindigogin talakawan manoma.

Amma kada a yi musu kuɗin goro. A farkon ƙarni na 19 akwai wani iri da ake ji da shi ƙwarai, wanda ake yi da tsoffin ƙusoshin takalmin doki. Ana yin ƙusar doki da ƙarfe mafi kyau don kada ta karye a kofato, saboda haka maƙeran Birmingham suka riƙa sayen tsoffin, har daga ƙasashen ƙetare, su wanke su tas a cikin ganga mai juyawa, su gauraya da guntayen sifirin na keken doki, su narkar da su dunƙule guda. Manyan bindigogin ɗure na wancan lokaci da yawa da irin wannan aka yi su. Da ƙusoshin kirki suka yi wuya, sai sunan ya saura a kasuwa, ingancin ya tafi. A can ƙasan tsani kuma akwai ƙarfen kwabo biyu da na kwabo uku, da wani da su maƙeran da kansu suke kira sham damn, wato na jabu.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Bindigogin fatauci da Birmingham da birnin Liyej na Beljiyam suka yi ta turowa gaɓar Afirka ta Yamma, kakannin bindigar toka da maharbanmu da 'yan bindigar hawan salla ke riƙewa, yawanci daga wannan ƙasan tsanin suka fito, wasunsu ma miƙaƙƙen ɗinki ne da su. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo wa yawancin Afirka da bindigogin zamani amma ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara marar zare a ciki, shi ya sa Liyej ta ci gaba da ƙera su saboda kasuwar Afirka bayan Turai ta daɗe da barin su. Saboda haka idan ka ga tsohuwar bindiga a gidan sarauta ko wajen wani dattijon maharbi da layuka a bututunta, kada ka yi saurin cewa Damaskas ce.

Laminated, wanda ba shi da kyan gani

Shi wannan ya fi sauran yawan ƙarfe mai tauri, kuma ba a jera shi falle-falle da tsari irin na Damaskas. Ana haɗa guntayen ƙarfen biyu a dunƙule, a murje, a murɗa sandunan amma ba sosai ba, a haɗa, a naɗe. Zanensa a hargitse yake, kamar igiyar ruwa da ta karkace, kuma wanda bai sani ba zai wuce shi ya nufi mai taurari.

Kuskure ne idan ƙarfi ake nema. A gwajin da gidan gwajin bindiga na Birmingham ya fitar da rahotonsa a 1891, an ɗauki bututu iri-iri, na Ingila da na waje, na naɗi da na zubi, aka yi ta ƙara musu albarushi da dalma har suka kumbura ko suka fashe. Laminated na Ingila mai sanda uku ya fito a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da ƙarfen zubi na Whitworth, wanda ya fi shi tsada. Wannan ya dace da abin da Greener ya daɗe yana faɗa, cewa yawan murɗa don neman ƙananan zane yana gajiyar da ƙarfe, kuma kowace sanda da aka ƙara ƙarin mahaɗa ce da datti zai iya maƙalewa. A wajensa mai sanda uku ya isa. Ya kamata a tuna cewa Greener ɗan Birmingham ne mai kare kasuwar garinsu daga 'yan Beljiyam, amma a wannan batu gwaji ya goyi bayansa.

Birmingham ko Liyej

Mutane sukan ɗauka cewa bindigar Ingila bututun Ingila ne da ita, ta Amurka kuma na Amurka. Ba haka abin yake ba. Cibiyar sana'ar a ƙarshen ƙarni na 19 ita ce kwarin kogin Vesdre kusa da Liyej, ƙauyuka irin su Nessonvaux da Fraipont da Trooz, inda ƙananan maƙeru na iyali ke jere a bakin ruwa, ruwan na juya musu injin huda da dutsen wasa. Kamfanonin Amurka kamar Parker da L. C. Smith da Ithaca da Lefever da Remington daga can suke sayo yawancin bututunsu a ɗanye, su ƙarasa a gida. Maƙeran Ingila ma da yawa sun yi haka a shiru, saboda araha da kyan zane.

Bambancin da aka saba faɗa shi ne na Ingila ya fi tauri da jure gogayya, na Beljiyam ya fi taushi amma ya fi tsari da kyau. Akwai gaskiya a ciki, sai dai Beljiyam ta yi mafi kyau ta kuma yi mafi muni. Ita ce ta yi bututun manyan bindigogin Parker, ita ce kuma ta cika shagunan Amurka da bindigogin 'yan daloli masu ɗauke da sunaye da aka kwaikwayo na manyan maƙeran Landan, a canja harafi ɗaya. Ƙasar da aka yi bututu ba ta isa hujja ba, sai an dubi darajar bindigar da aka ɗora shi a kai. Kamfani mai mutunci ba ya ɗora bututun banza a kan bindigar da ya ɓata wata da watanni yana sassaƙa ta.

Akwai kuma na jabu, iri biyu. Wani bututun ƙarfe ne zalla aka zana masa zanen Damaskas a waje da asid ko da bugu, wani lokaci ma a rubuta Damascus Finish a kai, wanda mai saye bai lura cewa ado kawai ake nufi ba. Wani kuma siririn Damaskas ne aka lulluɓa a kan ƙarfe mai arha. Ana gane na farko ta cire katakon gaba a duba ƙasan bututun, da wurin da hannu ya goge shi: na gaskiya zanensa na nan ko ya dushe, kuma idan aka goge ɗan wuri a ɓoye aka ɗiga asid zai dawo. Na zane idan ya goge ya tafi ke nan.

Ƙarfen zubi

Hanyar Bessemer ta 1856 da ta Siemens-Martin da ta biyo baya su suka sa narkakken ƙarfe mai tauri ya yi arha. Na farko-farko yana da kumfa a ciki, har Sir Joseph Whitworth ya fito da dabarar matse shi da injin tun yana ruwa. Wajen 1880 manyan maƙeran Landan irin su Purdey suka fara amfani da shi, Krupp na Jamus ma ya shigo kasuwar. Bututun zubi ba shi da mahaɗa ko ɗaya, inji ke huda shi, ba ya bukatar gwani mai shekara ashirin a bakin wuta. Abin da ya kashe Damaskas ke nan, tsadar aiki, tun kafin a fara maganar hatsari. Ingila ta daina a farkon ƙarni na 20, yaƙin 1914 ya katse maƙerun Beljiyam, 'yan kaɗan da suka farfaɗo a Nessonvaux suka rufe wajen 1930.

Kada kuma a ɗauka duk baƙin bututu marar zane ƙarfen kirki ne. Bindigogi masu arha na wancan lokaci da yawa an yi su da ƙarfen Bessemer mai taushi wanda bai kai Damaskas mai kyau ƙarfi ba.

Maganar fashewa

Tun shekarun 1930 kamfanonin harsashi na Amurka suke buga gargaɗi a kwalinsu cewa kada a sa harsashin a bututun Damaskas ko na murɗe. A Ingila kuwa har gobe ana kai irin waɗannan bindigogi gidan gwaji, su ci jarrabawar albarushin zamani, a buga musu hatimi, a fita da su harbin tsuntsu. Duka biyun suna da dalili. Amurka ba ta da gidan gwaji na hukuma, kuma ta cika da bindigogi masu arha da ba wanda ya san asalinsu. Ingila tana da na Landan, wanda ya samo asali daga izinin sarauta na 1637, da na Birmingham tun 1813, kuma laifi ne a can a sayar da bindigar da ta fita daga ma'aunin gwajinta.

Abubuwan da suka fasa bututun nan sanannu ne. Da albarushi marar hayaƙi ya shigo, mutane sun riƙa auna shi da ma'aunin baƙin albarushi, alhali wani irinsa ya ninka shi ƙarfi. Sannan toka da baƙin albarushi ke bari tana jan danshi, hular harsashi ta da kuma tana barin gishiri mai cin ƙarfe, bindigar da ba a wanke ba sai ta yi ramuka a ciki. A bututun naɗi tsatsa na iya samun ɗan wurin da mahaɗa ba ta kama sosai ba, ta bi ta ciki inda ido ba ya gani, wannan kuwa aibi ne da ƙarfen zubi ba shi da shi. Wani mai sayarwa kuma zai sa a rarake cikin bututun don ramukan su ɓace, ya yi sheƙi kamar sabo, alhali an cinye namansa. Bututun da ya cika sheƙi a bindiga mai shekara 130 abin tuhuma ne.

Sai tsawon mazaunin harsashi. Yawancin tsoffin bindigogin Ingila da Beljiyam masu lamba 12 an yi su ne don harsashi mai milimita 65. Wanda ya fi yawa a kasuwa yau milimita 70 ne ko 76, kuma zai shiga ya rufe lafiya lau, domin tsawon da ake faɗa na kwanson ne bayan ya buɗe. Harsashin zamani na yau da kullum mai lamba 12 an yarje masa matsi har 740 a ma'aunin matsi da ake kira bar, a ƙa'idar CIP, hukumar gwajin bindiga ta Turai, gwaji kuma ana yin sa a 930. Harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe maimakon dalma kuwa bai kamata a sa shi a ko ɗaya daga cikin waɗannan tsoffin bututu ba, har da na zubin.

To wanne za ka ɗauka

Idan ado da tarihi kake so, bindigar da za ta zauna a bango ko a akwatin gilashi, Damaskas mai sanda uku zuwa sama ita ce, musamman Bernard ko mai sarƙa ko mai taurari, a kan bindigar kamfani sananne, da launinta na asali ko da ya dushe. Launin asali ya fi sabon shafi daraja wajen masu tarawa. Mai ƙusar doki ta farkon ƙarni na 19 ma abin nema ce ga wanda ya san ta, ko da yake zanenta ba ya ɗaukar ido.

Idan harbi kake so ka riƙa yi, kuma kana ƙasar da ke da gidan gwaji da maƙeran da suka san aikin da harsashi mai sauƙin matsi na milimita 65, to jerin nawa shi ne: ƙarfen zubi mai suna kamar Whitworth ko Krupp, sai laminated na Ingila, sai Damaskas mai sanda biyu ko uku, twist na ƙarshe. Amma wannan jeri yana rushewa da zarar an auna. Twist mai kaurin nama da ciki mai tsabta ya fi Damaskas mai sanda shida da aka rarake. 'Yan kasuwar bindiga na Ingila ba sa son naman bututu ya gaza rabin milimita a inda ya fi siriri, kusa da mazaunin harsashi kuwa dole ya ninka haka sau da yawa. Da na'ura ake auna wannan, ba da ido ba. Al'adar nan ta rataye bututu a ƙwanƙwasa a ji ko zai yi ƙara kamar ƙararrawa tana nuna ko zirin ƙarfen da ke tsakanin bututun biyu ya saki ne kawai, ba ta faɗin komai game da ƙarfinsu.

Hatimin gwaji yana ƙasan bututun, wajen gindi, sai an cire shi daga jikin bindigar. Na Birmingham daga 1813 zuwa 1904 sanduna biyu ne gicciye da kambi, kuma shi kaɗai yana nufin baƙin albarushi. Daga 1904 ake samun NP da kambi, ko a rubuta NITRO PROOF, daga 1954 kuma BNP. Na Landan na albarushin zamani hannu ne riƙe da takobi a kan NP. Idan ka ga NOT FOR BALL, an gwada bindigar tsakanin 1875 da 1887. Na Liyej haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai, an ƙara mata kambi daga 1893, zaki a kan PV kuma shi ne na albarushi marar hayaƙi. Hatimi shaida ce ta ranar da aka buga shi. A dokar Ingila, idan ramin ya faɗaɗa da kimanin kashi 10 cikin 1000 na inci bisa abin da aka rubuta, hatimin ya faɗi.

Akwai hanyar tsakiya ga wanda bututunsa ya lalace amma jikin bindigar na da kyau. Ana yanke tsoffin bututun a gaba da mazaunin harsashi, a zura sababbi na ƙarfen zubi, a sake gwaji, a buga SLEEVED. Bindigar za ta yi aiki, amma zanen ya tafi, kuɗinta ma ya faɗi. Wasu sukan zura siririn bututu na ƙaramar lamba a ciki su riƙa harbi da shi, zanen ya tsira, nauyi ya ƙaru. Mai kuɗi sosai kuma yana iya sayen sabuwa: Purdey ya yi bindiga da ƙarfen Damasteel na Suwidin, wanda ake yi da garin ƙarfe a matse, mai zane amma ba naɗi, ba mahaɗa.

Ga mafarauci a Najeriya ko Nijar lissafin ya fi gajarta. Babu gidan gwaji kusa, harsashin da ake samu na zamani ne mai milimita 70, kuma tsohuwar bindigar da ta kwana shekaru a ɗaki tana shan danshin damina ba wanda ya san cikinta. A irin wannan hali ba zan ba kowa shawarar harba bututu mai zane ba, ko Damaskas ne ko laminated ko twist. A shafe shi da mai a ajiye, a nemi ta ƙarfen zubi ta zamani don daji. Ajiyewar ma sai da takarda: a dokar makamai ta Najeriya ta 1959, bindiga mai cin harsashin farauta tana bukatar lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta ɗure kuma irin bindigar toka kwamishinan 'yan sanda na jiha na iya ba da umarnin hana riƙe ta sai da lasisi, kuma tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga wannan doka.